Mika'ilu da Zumar Bakin Kurmi

Duk wanda ya ci kasuwar Kwantagora kafin a yi Jihar Neja ya san Mika'ilu Mai Zuma. Gurgu ne, ga tsegumin tsiya, ba ya wuce ƙwaryar zuma bai tsoma yatsa ba. Sai ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ta tudu ce." Masu sayarwa har sun gaji da yi masa faɗa.

Yana da dalilinsa. A ƙauyensu, can wajen Salka, akwai rafin da daji ke gamuwa da kurmi. Hagu kaɗanya, ɗorawa, taura da kirya mai taurin kai. Dama kuwa duhu da sanyi, malmo, tukurwa, kwakwa, ga igiyar ciwo ta nannaɗe kowace bishiya. Sauran masu amya kowa da ɓangarensa. Shi a tsakani yake ɗaura tasa, kan wata tsohuwar kanya, don ƙudan su yi kiwo gida biyu. Zumarsa kan fara da zaƙin ɗorawa, sai can a maƙogwaro sanyin malmo ya biyo baya.

Shekarar 'yancin kai reshe ya karye da shi. Ɗansa Lukuman ya ɗauko shi zuwa gari, ya yi masa ɗaki, ya yi masa komai, kurmin ne kawai bai ɗauku ba. Kewa ta ci tsohon nan, kuma ba ya ɓoyewa. Burinsa ɗaya, ya sake jin sanyin nan a maƙogwaro kafin ya koma ga Allah. Duk sanda ya ce a kai shi, sai Lukuman ya ce, "Kurmi na nan, Baba, hanya ce ba kyau."

Da jiki ya ƙi, Lukuman ya bi motar kasuwa, ya samo zuma daga amyar kan kanyar nan, wadda wani ɗan'uwa ya gada. Tsoho ya tashi zaune da kansa, ya yi bisimilla, ya lasa. Ya daɗe yana jira, ido a rufe.

"Yaushe aka sare kurmin?" ya tambaya.

Lukuman ya sunkuyar da kai. "An daɗe, Baba. Masu katako suka fara, manoma suka ƙarasa. Shinkafa ce a wurin yanzu."

Mika'ilu ya sake lasa, ko Allah zai sa. Sannan ya tura ƙwaryar gefe a hankali.

"Kai wa yara," ya ce. "Su ba su san abin da babu a ciki ba."