Baba Tela da Motsi na Biyar

Ƙarfe biyu na rana Baba Tela ke rufe keken ɗinkinsa, ya haura saman ɗakin karatu na unguwa, ya goge allunan wasan ces, wato darar Turawa, guda shida, ya jera musu sojoji da dawaki. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ba wanda ya sa shi. Bai taɓa cin kofi ba, kuma shi ke fara tsokanar kansa da hakan. Nasa aikin rubutu ne. Duk wasan da aka buga a ɗakin nan, motsi bayan motsi, yana cikin littattafansa.

Dokarsa ɗaya ce, mai ɗaci. Wanda aka cinye ba ya tafiya gida sai ya koma kujerar wanda ya cinye shi, ya sake buga motsi goma na farko daga can.

Ku tambayi nas ɗin nan da ake wa laƙabi da Gaggawa. Sau uku wata malamar lissafi tana fitar da ita daga gasa, har ta rantse in aka yi na huɗu ta bar ces har abada. Baba ya ji zafin maganar, ya buɗe mata littafi.

"Baba, ni na gaji. Matar nan ta fi ni kai ne kawai."

"Ba ta fi ki komai ba, 'yata. Zauna a kujerarta, dubi motsinki na biyar. Kullum sai ki fito da sarauniya, dawakinki na gida suna barci. Ita kuma ta yi ta korar miki ita tana gyara rundunarta. Sauri ya haifi nawa."

Mako uku suka yi a kan mabuɗin wasan nan kaɗai. Ranar gasa, a motsi na biyar, Gaggawa ta fito da doki. Malamar lissafi ta daɗe tana kallon allo. Da wasa ya ƙare, nas ta rugo da hawaye.

"Baba, na ci!"

"Na gani. Amma na goma sha bakwai akwai gyara. Zauna."

Yanzu idon Baba ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai ajiye alƙalami. Baba, kai ne gwanin da bai nemi tafi ba. Kai ka koya wa mutane su dubi faɗuwarsu ido da ido ba tare da kunya ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu ƙarfin ido kuma, wani ya karɓi rubutun nan, don Gaggawa tana da wasa ranar Asabar.