Littafin da Zipora Ta Ɓoye

A shekarar 1989 na fara ganin Zipora Kumai. Ina hedimasta a firamaren cocinmu a Madakiya, ita kuma ta zo neman aiki da takardunta a cikin ledar burodi. Na ba ta aji ɗaya, kuma har na yi ritaya ban ga dalilin ɗauke ta daga wurin ba. Rabin masu karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a a cocinmu yau, a hannunta suka fara gane baƙi.

Ta haura hamsin lokacin da kwamitin makarantar ya yanke cewa duk malamin da ba shi da digiri zai bar aji. Zipora ba ta yi gardama ba. Ta shiga wata jami'a da ba zan faɗi sunanta ba, cikin masu karatun ranar Asabar. Kowane mako ta hau mashin zuwa Kafanchan, ta dawo da yamma ta duba gonar cittarta. Duk ta ci jarrabawoyinta. Abin da ya rage shi ne furojet, wato rubutun binciken kammala digiri, kuma malamin da ke duba aikin ya ce ba zai sa hannu ba sai ta yi amfani da wani littafi kan koyar da yara karatu da harshen gida. Idan wa'adi ya wuce, sai shekara mai zuwa, kwamiti kuwa ba zai jira ba.

A makarantar mishan da na yi, laburarenmu kabad ɗaya ne, makullinsa a rataye jikin ƙusa. Ka ɗauki littafi, ka faɗi sunanka, ka dawo da shi. Ban taɓa neman littafi na rasa ba. Shi ya sa da ta ce ta kasa samun littafin a laburaren jami'ar, na raka ta wata Asabar, don in ga yadda gini mai bene zai kasa abin da kabad ya iya.

Akwai wani ma'aikaci a teburin karɓar baƙi, sunansa Gilbert. Ya danna kwamfuta ya juyo mana da fuskarta.

"Mama, kwamfuta ta ce yana nan. Kwafi ɗaya ne, kuma ba a fita da shi."

"To, ɗana, ka ce mata ta miƙo mini. Na duba kantar nan har ƙura ta san ni."

Na tambaye shi ɗakin intanet da aka yi ta yabo ranar buɗe shi. Ya ce akwai littafin a kwamfutocin ɗakin, amma ba a tayar da janareta ranar Asabar. Na ce a ba ta lambar shiga ta karanta daga waje. Ya ce ofishin da ke bayarwa sai ranakun aiki, lokacin da Zipora ke gaban yara. Injin fotokwafi ya lalace, ɗaukar hoton shafi da waya kuma an hana. Ya faɗi wannan duka kansa a ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda suka karɓi ɗaliban Asabar ne, suka kulle musu komai ranar Asabar.

Wadda ta fitar da ita wata ɗaliba ce, Emilia, da Zipora ta koyar a aji ɗaya. Ta ja ta zuwa sashen dabbobi, ta zura hannu bayan wani ƙaton littafi kan cutar aladu, ta zaro littafin da Zipora ke nema.

"Haka ake yi a nan, Mama. Wanda ya samu, ya ɓoye. In kika mayar da shi wurinsa, ku da shi sai a sama."

"Wannan ai mugunta ce."

"Mugunta ce, Mama. Amma ajinki fa?"

Zipora ta wuni tana kwafa da hannu. Da aka buga ƙararrawar tashi, ba ta kai ko rabi ba. Ta sake masa maɓoya, inda ita kaɗai ta sani.

Asabar ta gaba, wani ɗan ajinsu daga Zonkwa, Samson, shi ma malamin firamare mai furfura, ya tsaya gaban Gilbert yana neman littafin nan. Zipora tana jin su. Ta san in ta nuna masa, sai sun raba wunin, ita kuma lokacinta ya ƙure. Ta rufe bangon littafin da gyalenta, ta ci gaba da rubutu.

Ta zo gidana ranar, ta ƙi zama.

"Baba Hedimasta, yau na yi abin da nake hukunta yara a kai."

Na ce ba ita ta gina wannan tarko ba. Ta ce ta sani, amma gyalen nata ne. Watanni ta yi ba ta karɓi Jibin Ubangiji ba. Har yau in na tuna raina yana tafasa: mace da ta yi shekaru tana koya wa yara su mayar da alli inda suka same shi, an kai ta gidan ilimi an koya mata ɓoyon littafi.

Ta gama cikin wa'adi, ta riƙe ajinta. Samson bai gama ba, aka ce ya maimaita shekara.

Sauran labarin daga bakin Gilbert na ji. A shekarar da ta biyo, Zipora ba ta da sauran hulɗa da laburaren, amma kowace Asabar tana bakin ƙofa kafin a buɗe. Ta shiga a matsayin baƙuwa, ta bi kantoci tana laluben bayan littattafai har ta gano inda aka tura shi a wannan makon. Wani lokaci a sashen lissafi, wani lokaci ƙarƙashin tsofaffin jaridu. Ta ajiye shi a teburin da Samson ya saba zama, ta roƙi Gilbert ya sa ido, ta fita kafin motar Zonkwa ta iso.

Na haɗu da Samson a wani taron coci bayan ya karɓi digirinsa. Ya kama hannuna yana murna.

"Baba, laburaren nan ya gyaru fa! Yanzu kafin ka zo ma an ajiye maka littafi."

Na buɗe baki zan gaya masa abin da ya gyaru da abin da bai gyaru ba. Zipora tana gefe tana raba kunu. Ta dube ni sau ɗaya, na fasa. Ta cika kofi ta miƙa masa.

"Malam Samson, barka da gamawa. Sha tun da zafinsa."