Sunayen da Kaka ta riƙe wa Bayahudiya

A unguwar Jarwal na tashi, a ƙasa mai tsarki, a wani tsohon gida da babu shi yanzu. Bayan isha'i Kaka Dije takan hau da mu soro, ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, ta shiga ba mu tatsuniyoyin kura da zomo. Mu jikoki Larabci ya fi mana sauƙi a baki, amma a soron nan sai Hausa.

Akwai labari ɗaya da takan gyara zama kafin ta fara. "Wannan ba tatsuniya ba ce," takan ce. "Da idona na gani."

Tana yarinya, lokacin yaƙin Hitila, ayarinsu na zuwa hajji ya maƙale a bakin teku a Sudan, babu jirgin ƙetarewa. Mahaifiyarta ta samu aikin wanki a gidan wata Bayahudiya mai ɗinki, wadda ta gudo daga Turai ita kaɗai. Matar ba ta da hoton kowa nata, sai ta zana su da gawayi a bangon ɗaki: mijinta, 'ya'yanta mata, ƙanenta mai tabarau. Kullum tana nuna wa Kaka fuska tana faɗin suna, har Kaka ta haddace. Da labari ya iso cewa duk an kashe su, matar ta daina cin abinci. Ba ta daɗe ba ta rasu. Mai gidan da take haya ya shafe bangon da farar ƙasa, ya sa wani ɗan haya.

"Ni kaɗai na rage musu," in ji Kaka. Sai ta jero sunayen a hankali, mu kuwa barci na fizgarmu.

Kaka ta rasu, aka rushe layinmu don gina otal, muka koma unguwar Utaibiyya. A nan ƙanena da ke karatu a waje ya turo mini wani littafin zane a waya, inda wani jikan Yahudawa ya zana yadda kakarsa ta tsira a yaƙin, kowane mamaci da fuskarsa da sunansa. Ni mai rubuta allunan shaguna ne, hannuna ya san zane. Na ce zan yi wa Kaka irinsa.

Na zana bangon, na zana mai tabarau. Da na zo sunaye sai na tsaya, ko ɗaya bai zo ba. Na je wurin Gwaggo Rabi, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Na tambaye ta sunayen, sai ta ce, "Ɗan nan, ai mu duk mun ɗauka ƙirƙira take yi."

A da ina ganin darasin labarin shi ne amana ba ta mutuwa muddin akwai mai riƙe ta. Yanzu na san tana mutuwa, ba tare da kowa ya ci ta ba. Na gwada ba 'ya'yana abin da ya rage na labarin. Babbar ta saurara har ƙarshe, ta roƙe ni in maimaita da Larabci.