Taron da ke cikin yatsan Baba

Duk wanda ya ce ya ga taro, alhali bai taɓa leƙa ɗigon jini ba, kasuwa kawai ya gani. Ni ma da kasuwar Dogon Dutsi nake auna cikar duniya, har ranar da na kawo mahaifina asibiti a kan jaki daga Ɗan Kassari.

Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, zamanin Faransa. Na koya wa yara darasin jini daga littafi, da murya mai ƙarfi, irin ta wanda bai taɓa ganin abin da yake faɗa ba. Baba kuwa ya rame, tafin hannunsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura. A gida an yanke cewa mataccen jini ne, saboda haka wanzami yake ta yi masa ƙaho, Baba kuma yana ƙara tsotsewa.

Likita Nasara ne da ya zo rangadi. Ya soki yatsan Baba, ya shafa ɗigon a kan ɗan gilashi, ya rina shi da wani ruwa mai kama da shuni.

Baba ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal. "Mushe, wanzami na cika ƙaho bai gane komi ba. Wanga da ɗigo ɗaya za shi gane?"

Da likita ya ji ni malami ne, ya soki nawa yatsan ma, ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Na leƙa, na manta da Faransancina kaf. Jajayen ƙwayoyi ne birjik kamar gero a kan tabarma, su ne masu kai iska ko'ina cikin jiki. Jefi-jefi ga wata babba da ta sha shuni, can kuma wata, kamar rugage a daji. Ya ce waɗannan su ake kira farare, dogaran jiki ne, kuma duka a ɓargo ake haifarsu. Ashe tun haihuwa nake yawo da wannan al'umma, ba ta taɓa neman izinina ba.

Sai ya sa gilashin Baba. Shuni ko'ina, fararen sun cunkushe, jajayen sun koma 'yan tsiraru a gefe. Allah ya gafarta mini, ya fi nawa kyau.

Likita ya ce ɓargon ne ya ƙi daina haihuwa, yana ta turo dogarai ɗanyu da ba su iya aiki ba, suna cinye wurin kowa. Magani ba shi da shi. A daina ƙaho dai, jajayen da suka rage ake zubarwa.

"Mi ka gani?" in ji Baba.

"Jama'a, Baba. Sun fi na kasuwa."

"Duk a cikina? To shi ya sa nika gajiya."

An daina ƙahon. Bai ga kakar bana ba, kamar yadda muke cewa a lokacin. Na so in roƙi gilashin in ajiye, amma kafin in ɗora Baba a kan jaki an riga an wanke shi, domin akwai masu jira.