Karsanar da ke Cikin Salula

Ban fara wasan don ina son shi ba. Salula nake sayarwa a kasuwar Tasawa, sababbi kaɗan, na hannu da yawa, kuma na lura wadda aka zuba wa wasan ta fi saurin barin tebur. Wasa ne na wata duniyar ƙarya mai dodanni da aljanu da garuruwa masu ganuwa, inda kowa yake zaɓar mutum guda ya raine shi tun yana da ɗan bante har ya zama jarumi. Da rezo ake yin shi, wato sabis ɗin intanet, saboda haka wanda ke Mayahi yana iya gamuwa da wanda ke Maraɗi a bakin rijiya guda. Na koye shi kamar yadda na koyi canza batir. Duk wanda ya sayi salula a wurina, bayanin wasa kyauta ne.

Bayanin ba shi da tsawo. Ina ce wa sabon shiga ya ɗauki mai takobi, don shi ke jure duka. Boka yana da kyau a ido, amma ko karen daji kashe shi yake. Kada ya fita ƙauyen farko sai ya gama aiken da tsohuwar bakin rijiya take ba shi, ko da aiken ya gundure shi. Zinariyar farko ta tafi ga takalmi da garkuwa, ba ga riga mai ƙyalli ba. Jar kwalba magani ce, a ɓoye biyu kullum. In rezo ya fara rawa a bar faɗa a koma cikin gari. Sai abin da nake maimaitawa sau biyu: kada ka miƙa wa kowa kayanka. A wasan nan babu aro. Abin da ka danna ka ba wani ya zama nasa, babu alƙali, babu mai gari.

Cikin waɗanda na yi wa wannan bayani akwai wani Bafillace daga wajen Gidan Amumune, ya ba hamsin baya. Na san shi tun yana shigowa kasuwa da shanunsa. Damina biyu a jere ciyawa ta ƙi, ya sayar da wasu don ya ciyar da wasu, sauran ciwo ya kwashe. Daga nan ya dawo Tasawa yana kwana a zauren wani dillali, ranar kasuwa yana riƙe igiyar shanun mutane. Ni kuwa ɗan maƙera ne, kuma akwai wasa tsakaninmu da Fulani tun kakanni, don haka abin da na ga dama nake gaya masa, shi ma haka.

"Ardo," nake ce masa, "ina garken? Ko sun tafi ziyara?"

"Suna gaishe ka, bawana. Sun ce ka wanke baƙin hannun nan kafin ka taɓa kayan mutane."

Tsohuwar salula ya saya mai tsage a gefe, don ya riƙa jin muryar ɗiyarsa da ke aure nesa. Wasan yana ciki tun kafin ya saya. Ya yi kwanaki yana zama a bencin rumfata yana leƙen ƴan kabu-kabu da ke bugawa kafin su samu fasinja, sannan wata hantsi ya miƙo mini salular ya ce in buɗe masa abin.

Bai yi lekwal ba, wato makarantar boko, wasan kuma da Faransanci yake, sai na koya masa da launi. Jan layi ranka ne. Kore ka ci, baƙi ka gudu. Da muka zo wurin zaɓen mutum ina nuna masa mai takobi, shi kuwa idonsa yana can ƙarshen layi, kan wani siririn mutum mai sanda da ƴar maraƙa a bayansa.

"Wanga fa?"

"Makiyayi ne. Ba ya da ƙarfi, ba ya da makami. Wata uku za ka yi kana cin duka."

"Shi nake so."

"Haba Ardo, na gida ma ba ka riƙe ba, sai na cikin gilashi?"

Ƴan kabu-kabu suka kwashe da dariya har ɗaya ya sauko daga kan babur. Shi ma ya yi ɗan murmushi, ya sa yatsa ya danna makiyayin.

Bai taɓa yin faɗa ba. Mutane suna can suna sare dodanni, shi yana gefen ƙauyen farko yana kiwo. Ya gano ciyawar da ke sa maraƙar ƙiba da wadda ke sa ta zawo. Ya gano lokacin da kuraye ke fitowa, sai ya kora ta cikin gari kafin nan. In damisa ta biyo su, kansa yake tarawa a kashe shi ita ta tsira. Abin da ya samu a riƙon igiya rabi na tuwo ne, rabi na forfe, wato kuɗin data. Ƴan rumfa suka sa masa suna mai garken guda. Kowa ya zo sai ya tambaye shi nono.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sai maraƙar ta zama abin da babu wanda ya taɓa gani a Tasawa: karsana shuɗiya mai ƙaho kamar walƙiya, tana tsallake ganuwa da mahayi a bayanta, in ta yi kuka ƙananan aljanu su watse. Ashe tana cikin wasan tun farko, haƙurin rainonta ne babu mai shi. Dariya ta tsaya. Malaman lekwal suka fara zuwa kallo. Mai shayin da ke gefen rumfata ya koma ba shi kofin farko. Mutumin da wata shida babu mai tambayarsa ra'ayi a kan komai, yanzu in ya buɗe baki ana yin shiru. Sannan wasan ya nuna tana da ciki, ya zo rumfa ranar da sabon rawani.

Wani ɗan kasuwa a Maraɗi da nake saro kaya wurinsa shi ma yana wasan, ya gan ta a bakin kogi ya kira ni. Ya ce in na samo masa ita, zai ba ni kwalin salula guda. Na tuntuɓi Bafillacen a hankali.

"Ba ta sayarwa ba ce," ya ce.

"Ardo, abin da za a ba ka ya sayi akuya biyu masu rai, masu kashi a ƙasa."

"Na ji. Ba ta sayarwa ba ce."

Na daɗe a kasuwa, na san abin da ba a sayarwa yakan fita ta wata ƙofa. Na ɗauki jarumina na kai shi kogon babban dodo, inda in an kashe ka doki da kaya duk suke tafiya, na ajiye salular a kan tebur har aka gama da shi. Daga nan na zauna da fuska a ɗaure. Ban roƙi kowa komai ba. A kwana na uku Bafillacen ya matso.

"Maƙeri, mi ya same ka? Ko zagina ba ka yi yau ba."

Na nuna masa. Ga mutumina tsaye a ƙauyen farko da ɗan bante, babu doki, babu takobi. Ya daɗe yana kallo. Na san abin da yake gani, don shi na shirya shi.

Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. In garken mutum ya ƙare, wani ya ba shi karsana ya riƙe har ta haihu sau uku. Ƴaƴan nasa ne, uwar ta koma gida. Washegari ya zo da abinsa a shirye. Ya kira mai shayi da wani ɗan kabu-kabu su zama shaidu. Ya ce in kawo mutumina bakin rijiya, shi ma ya koro ta can.

"Ga ta nan. Uku naka, sannan ka maido mini uwar. Kada ka ba ta jar ciyawa, kada ka hau ta sai ta sauka."

Ɗan kabu-kabun ya ce, "Baba, ai shi da bakinsa ya ce babu aro a ciki."

"A ciki babu," in ji shi. "Ni da shi a kan benci muke."

Ya danna, na danna. Kafin la'asar tana Maraɗi.

Kullum da safe sai ya biyo ya tambayi lafiyarta, kamar yadda ake yi. Yau in ce rezo babu, gobe in ce batir ya mutu. Ya yi mini uzuri har kwana takwas. Ranar kasuwa rumfa cike, ina ciniki da wasu mata biyu daga Mayahi, ya zo ya tsaya bai zauna ba.

"Buɗe in gan ta. Saura kwana biyu ta haihu."

"Ka dawo an jima."

"Yanzu dai, maƙeri. Ido kawai zan sa mata."

Na gaji da ɓoyo, kuma ɓoyon yana ci mini lokaci. Na ce, "Ardo, ba ta wurina. Na ba da ita."

"Ka ba wa?"

"Wani a Maraɗi. Ranar da ka saya na gaya maka dokar wasan, har sau biyu. Ga mutane nan, sun ji."

Wani daga baya ya ce, "Garke na biyu ke nan!" Dariya ta tashi, har matan da ba su san zancen ba suka taya. Mai shayi ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ya riga ya goge. Bafillacen bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa yi. Ya ce in kira masa mutumin. Na kira, na buɗe murya don kowa ya ji, a zatona can zai roƙa a ƙi shi, magana ta ƙare.

Ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, karsanar da ke hannunka amana ce. Ban ce ka maido yanzu ba. Ina so in gaya maka abin da ba ta ci."

"Wace karsana? Au, shuɗiyar? Ai na yanka ta tun ranar."

A wasan ana iya kai dabba wurin maƙerin gari a narka ƙahonta a yi sulke. Na san da haka. Ban san abin da yake so da ita ke nan ba, ban kuma tambaya ba.

"Da ciki gare ta," in ji Bafillacen.

"Shi ya sa sulken ya fito mai kyau. Tsoho, wasa ne fa. Ka samu wata ka raina, ka kira ni in ta girma."

Ya kashe. Wannan karon mutum biyu ko uku kawai suka yi dariya, su ma ba ta yi nisa ba.

Kwalin ya iso a motar Maraɗi kamar yadda aka yi alkawari, kayan kuma masu kyau ne, ban yi wata ba na sayar da su. Amma wannan daga baya ne. A ranar, ya tsaya nan tsakiyar rumfa yana duban ƙasa, sannan ya laluba aljihun rigarsa ya fito da salular ya ɗora a kan teburina.

"Cire shi."

"Ka iya sake farawa. Yanzu ka san hanya, wata huɗu ma ya isa."

"Cire shi."

Na danna, wasan ya tambaya ko na tabbata, na ce masa i. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Wuri ya buɗe da yawa a cikin salular, na ce in zuba masa wa'azi ko waƙoƙin Fulani, ba sai ya biya ba.

"Bar ta haka," ya ce. Ya karɓa, ya ba matan nan biyu hanya, ya fita.