Ƙusa Kafinta da Guruf ɗin Iyaye

Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tun muna yara nake kiransa Ƙusa. Siriri ne dogo mai ɗan faffaɗan kai, in ya tsaya a ƙofar shagonsa sai ka ji hannunka na neman guduma. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana aikin kafinta. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, bango ɗaya ya raba mu, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Inda ban gani ba na ƙara gishiri kaɗan, shi ma ya san halina.

Da can waya ba ta dame shi ba. Sai ka kira sau goma kafin a tono ta daga cikin garin katako. Amma ranar da babbar 'yarsa, wadda muke kira Shiru, ta ci jarrabawar shiga jami'a, ta ce ita ilimin haɗa magunguna take so, sai wani ya jefa Ƙusa cikin guruf ɗin iyaye masu neman wa 'ya'yansu gurbi. Mutum ɗari tara ne a ciki, amma surutunsu na mutum miliyan ne. Wayar ta koma kuka kamar ɗan tsako, a aljihu, a kan benci, har a bakin zarto. Wannan ya ce an rufe, wancan ya ce an buɗe, wata ta turo saƙon murya na minti tara, rabinsa kuka rabinsa tari.

Na leƙa na ce, "Ƙusa, kai za a ɗauka ko yarinyar? In kai ne mu soma neman wandon makaranta mai tsawon kamu bakwai."

Ya ce, "Uwar Surutu, ke da kika gudu daga aji uku, me kika sani?"

"Na san teburin mutane ya yi wata guda ba ƙafa."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye fensir ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, duk da a gida ɗaya muka tashi. Ashe yana saurayi ya ci jarrabawar kwalejin fasaha. An liƙa sunansa a allon sanarwa, ba wanda ya gaya wa kawu. Sai bayan mako shida labari ya iso, ya je ya tarar an ba wani gurbin. Ya ce, "Ba faɗuwa na yi ba, ji ne ban yi ba. Rabin mutanen guruf ɗin nan irina ne, kowa tsoro yake a faɗi abu yana banɗaki." Na koma kan kekena.

Abin da ya sa na ɗauki biro nake rubuta wannan labari shi ne yadda ya ɓullo wa lamarin. Ƙusa ba ya karatu da sauri, amma ya san katako, ya san wanda ya bushe da wanda zai lanƙwashe bayan wata biyu. Ya jingina wani dogon falanki a bango, ya rubuta sunan duk mai yawan kawo labari. In maganar mutum ta tabbata, ya ja masa layi a tsaye. In ta zama iska, ya ja a kwance. Falanki ya cika, ya ƙara wani, har bangon shago ya koma kamar allon makaranta. Wata rana cikin kuskure ya buga ɗaya a bayan kabad ɗin wata mata. Washegari ta dawo a fusace tana tambaya wa ce ce Maman Tagwaye, kuma me ya sa aka rubuta a cikin kabad ɗinta cewa ta yi ƙarya sau bakwai.

Sai ga makon tashin hankali. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe damar canza kwas. Ranar Laraba da safe wani da ya sa wa kansa suna Farfesa ya rubuta da manyan baƙi cewa an ɗaga makin shiga kwas ɗin haɗa magunguna, duk wanda ɗansa bai kai sabon makin ba ya canza yanzu ko ya zauna gida shekara guda. Makin Shiru ya haye na da, amma bai kai wannan sabon ba. Guruf ya kama da wuta. Iyaye suka cika shagunan kwamfuta, layi har bakin titi.

Maman Shiru ta zo shago da mayafi a karkace. "Malam, kowa ya canza. Mu kaɗai ne masu wayo? Gara ta karanta ko me ne ne da ta zauna min a ɗaki."

Shiru na bayanta, sai murza gefen hijabi take.

Ƙusa ya tsaya gaban bangonsa, fensir a bayan kunne. Farfesa yana da layi goma sha ɗaya, biyu ne kawai a tsaye. Can ƙasa kuma akwai wata da ba ta sa suna ba, hoton tukunyar fure ne a lambarta. A cikin wata bakwai sau huɗu kawai ta yi magana, duk huɗun a tsaye. Wannan karon kuma ba ta ce komai ba.

Ya ce min, "Kira min ita, ke ce mai baki."

Na kira, na buɗe murya kowa ya ji. Na zaci babbar malama zan samu, har na gyara zama. Ashe masinja ce a ofishin ɗaukar ɗalibai, ita ke liƙa takardu a allo.

Ta ce, "Ni ba na faɗin abin da ban liƙa da hannuna ba. Makon nan ban liƙa komai ba. Na gobe kuma ban sani ba, kada ku ce na ce."

Maman Shiru ta ce, "To ka ji, ita ma ba ta sani ba!"

Ƙusa ya juya ga 'yarsa. Na sha ganinsa yana yi wa mai katako tsawa, amma ranar muryarsa ta yi laushi. "Uwata, ga abin da na gani. Wannan mutum yawanci ba ya faɗin daidai, wannan mata ba ta taɓa kuskure ba. Amma sau biyu shi ma ya faɗi gaskiya. Shekararki ce, ba tawa ba. Me kika ce?"

Yarinyar da sai ta yini ba ta haɗa kalma biyar ba ta ɗaga kai ta ce, "Baba, a bar kwas ɗin yadda yake."

Alhamis ta zo. Na rantse agogon shagon da gangan yake rarrafe. Ƙusa ya kama ƙafar tebur ɗaya yana gogewa tun azahar, kafin ƙarfe huɗu ta kusa komawa tsinken sakace. Huɗu ta buga, aka rufe. Maman Shiru ta yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa ta da Ƙusa.

Mako uku muka yi a haka, Ƙusa ya ƙara ramewa, abin da na ɗauka ba zai yiwu ba. Ranar wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Masinjar nan ce ta turo hoton takardar sunayen waɗanda aka ɗauka a jikin allo, har ana ganin babban yatsan mai liƙawa a gefe. Ya miƙo min wayar. "Duba min, idona ya ƙi."

Na bi layi da farce. Na ashirin da uku, ga sunan Shiru, ga haɗa magunguna a gabansa. Na kwarara ihun da ya sa mai shagon gaba ya fito da bokitin ruwa, ya zaci gobara ce.

Ƙusa bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa cikin garin katako, ya rufe fuska da hula. Can ya ce, "Uwar Surutu, sake karantawa. A hankali, da sunan uban."