Taurarin da Na Gani Daga Ƙasan Rijiyar Mainika

Wannan abu ya faru da ni ne a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo, kuma wallahi ba labarin wani zan ba ku ba, ni ɗin nan na shiga rijiyar da ƙafata, saura ƙiris ban fito ba. Ba faɗawa na yi ba, ba kuma tura ni aka yi ba, kallon taurari na shiga yi da rana tsaka. Ku yi dariyarku, mai ɗakina ma har yau yi take yi.

Lokacin rayuwa ta yi tsada, kananzir sai an bi layi, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu kuwa ba abin da ya rage a ciki sai ƙwarangwal ɗin roba da yanar gizo-gizo. Ana cikin haka wani abokina da ke aiki a Kano ya aiko min da tsohuwar mujallar Turawa. A ciki akwai hoton da wani madubin hangen nesa ya ɗauko, irin wanda aka harba sama yana kewaya duniya, can inda gajimare ba ya kai wa. Wai sun saita shi ne a kan wani ɗan wuri da ido ke gani baƙi wuluk, wurin da bai fi ƙwayar gero ba in ka riƙe ta ka miƙe hannu, suka bar shi yana kallo kwana da kwanaki, da hoton ya fito sai ga wurin cike dam da ɗige-ɗigen haske, kuma kowane ɗigo ba tauraro ɗaya ba ne, tarin taurari ne da ba sa ƙirguwa. A wani shafin suka ce an fara gano duniyoyi masu kewaya wasu taurarin kamar yadda tamu ke kewaya rana. Jama'a, mujallar nan ta hana ni sakat, ko tuwo nake ci tana gefena.

Surukina malami ne, yana da Islamiyya a ƙauyen Mainika, nan kusa da Gwarzo, shi na kai wa ya gani, ina ɗar-ɗar, don a lokacin kowa na kiyaye bakinsa, magana kaɗan sai a ce ka yi saɓo. Malam ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To ina abin mamaki? Kullum kana karanta Rabbil alamina a salla, ka ɗauka Gwarzo da Kabo kawai ake nufi?" Na sunkuyar da kai ina dariya. Ya ce, "Ka nemi saninka, amma a hankali, kada garin neman gira a rasa ido."

A bazarar nan famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu ya lalace, ba mai gyarawa, sai Malam ya aika Kabo aka zo da wani dattijo mai haƙar rijiya, Baba Ilu, don ya yashe tsohuwar rijiyar da ke bayan gidan Malam ɗin. Wata Asabar na je gaisuwa na tarar Malam ya tafi jana'iza Sabon Birni, Baba Ilu kuma ya fito yana hutawa a gindin darbejiya, shi da 'ya'yansa biyu, ƙarti, masu ja masa igiya. Ni kuwa na taɓa karanta cewa mutanen da suna faɗin wanda ke ƙasan rijiya mai zurfi yana ganin taurari da rana, littafin kuma ya ce ba gaskiya ba ne. Bayan mun gaisa, na tambayi gajiya da iyali da mutanen Kabo, sai na ce, "Baba, don Allah da gaske ne kuna ganin taurari daga ciki?"

Ya ce, "Ina zan sani, Malam? Mu na ƙasa ba ya ɗaga kai, haka muka gada. Idonka na kan taɓo, in kana da magana ka ja igiya."

Na ce saboda me? Ya ce saboda kar ƙasa ta zubo maka a ido mana, ko guga ya fasa maka goshi, in ma da wani dalilin to ubansa bai faɗa masa ba.

Ai kamar ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Na shiga roƙonsa ya bar ni in sauka in duba da idona, gani ya kori ji, shi kuma yana cewa surukin Malam guda a cikin rijiya, me zai faɗa in wani abu ya faru? Ni dai da naci Allah ya yi ni. Da ya gaji ya ce to, amma kallo ɗaya zan yi in ja igiya, kuma kome ake ciki kada in kwance ta daga ƙuguna. Ya zura fitilar ƙwai a kunne har ƙasa, kamar yadda suke yi don a gane ko iskar ciki na da kyau, ta ci gaba da ci lafiya lau. Ya ɗaure ni da hannunsa, na yi bisimilla, na bi ramukan taka ƙafa da ke jikin bangon ina sauka.

Ƙasan da sanyi, ga warin laka, taɓo ya kai min ƙauri. Na ɗaga kai. Bakin rijiyar ya koma ɗan farin da'ira kamar murfin kwano, ga kan Baba Ilu yana leƙowa, babu tauraro ko na magani. Na ce a raina, to littafi ya yi gaskiya, na kai hannu zan ja igiya.

Sai hasken ya fara sauyawa. Ba irin na hadari ba, a'a, ja-ja ya yi kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, sannan ya yi duhu, kan Baba Ilu ya ɓace, ƙarar daka da kukan tumaki da nake jiyowa daga unguwa suka ɗauke ɗif. Sai taurari. La ilaha illallahu! A cunkushe, manya-manya, wasu shuɗi wasu ja, kuma ni ɗan ƙauye ne, na san samanmu, na san kaza da 'ya'yanta, na san gamzaki, na rantse ba ko ɗaya a nan. Daga gefe kuma wani abu kamar wata yana ɓullowa, amma ƙato, da zane-zane a jikinsa, har ya cinye rabin bakin rijiyar.

Daga nan wani ya leƙo. Kansa dogo ne, wuyansa ya fi kan tsawo, ban ga fuska ba don haske na bayansa. Ya karkata kai gefe, irin yadda mutum ke yi in ya ga abin da bai taɓa gani ba. Na karkata nawa, shi ma ya juya nasa ɗaya gefen. Ku yarda ko kada ku yarda, ban ji tsoro ba ko kaɗan, daɗi na ji, tambayoyi ne fal bakina: rana nawa gare ku, me kuke nomawa, kun san da mu? Na yi masa sallama. Sai ya zuro wani abu fari siriri, kamar igiya amma ba tufka a jikinsa, yana saukowa a hankali har ya zo saitin fuskata. Na ɗaga hannu biyu.

Abin da na sani bayan wannan shi ne zafi a idon sawuna, wani yana finciko ni ƙasa yana salati da ƙarfi, sai mari. Na farfaɗo a gindin darbejiya, ana yayyafa min ruwa, mata sun cika wurin.

Baba Ilu ne ya ba ni sauran labarin. Ya ce sun yi ta kira shiru, suka ja igiya ta taho sakayau, ƙullin da ya yi da hannunsa a kwance. Shi ne ya faɗa ciki. Ya ce, "Malam, da na dira ƙasa ƙafafunka na tarar daidai fuskata. Ba ka taka komai, ba ka riƙe da bango, hannuwanka a ɗage, sama kake tafiya. Sai da na rataya a jikinka da nauyina duka sannan ka sauko."

Likitan da ya duba ni ya ce gurɓatacciyar iska ce ta juya min ƙwaƙwalwa, ni ma malamin kimiyya ne, na so in yarda. Amma fitilar tana ci aka fito da ita, kuma ban taɓa jin iskar da ke ɗaga mutum mai tumbi irina ba. Shatin yatsun Baba Ilu ya daɗe a ƙafata. Malam da ya dawo bai yi min faɗa ba, ya ce Allah ne masanin abin da Ya halitta, ya sa aka yi sadaka. Baba Ilu ya ƙarasa aikinsa kai a ƙasa, ruwa ya zo garai-garai, unguwa ta yi ta sha.

Na gode masa a gaban jama'a, amma gaskiya a lokacin haushinsa nake ji a raina, gani nake ya raba ni da amsar duk tambayoyina. Haushin bai sake ni ba sai wata rana da na tsaya ina kallon mai ɗakina tana jan ruwa, ta leƙa, ta karkata kai ta duba, ta zura guga. Nan take tsigar jikina ta tashi, sai da na nemi wuri na zauna.

Shawarata gare ku, ku karanta, ku kalli hotunan da sababbin madubai ke aikowa, ikon Allah ne, ni ma ina kallo a wayar jikokina. Amma in masu sana'a suka ce ba a yin abu, ku bari ko da su ma ba su san dalili ba. Ni na ɗauka gaisawa mai dogon wuyan nan ya zo mu yi, na manta cewa mu ma in muka zura igiya a rijiya, ɗebowa muke yi.